Yashin Ƙarƙashin Gadar Ruwa

Kwanakin baya wani saurayi da mahaifinsa ya saya wa tifa ya tsaya a gabana a bakin kogi, hannu cikin aljihu, ya ce mini, "Baba, wai mene ne abin koyo a yashi? Ba ɗiba ce kawai ba?" Ban amsa masa ba, don na san in na buɗe baki a lokacin ba magana mai daɗi za ta fito ba. Amma tunda ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba, zan ba da amsar a nan daki-daki. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka kada a nemi ado a maganata. Abin da na iya shi ne in faɗi abu bayan abu, yadda ya faru.

Sunana Haruna. A garinmu, wanda ke tsakanin Daura da Mai'aduwa, Sarkin Yashi ake ce mini. Ba rawani aka naɗa mini ba. Ni ne dai ke nuna wa masu tifa da leburori inda za a haƙa da inda ba za a haƙa ba, ni ke kuma tsayawa a kan rami har a mayar da shi yadda aka same shi. Dagaci ne ya ɗora ni a kan aikin, da sanin ofishin noman rani, bayan rasuwar maigidana Baba Mati.

Sai an san wurin kafin a fahimci labarin. Akwai madatsar ruwa a arewa da mu. Daga ita aka jawo magudana ta kankare don noman rani. Kafin magudanar ta kai ga lambuna dole ta tsallake koginmu, wanda ke cika da damina, da rani kuma ya koma yashi zalla. Saboda haka aka yi mata kwararo a kan ginshiƙai, ruwa na bi ta sama, kogi na bi ta ƙasa. Gadar ruwa muke kiranta. Duk albasa da tumatir da alkama da itatuwan marmari da ke tsallake, ta wannan kwararon suke sha.

Ranar da na fara aiki a hannun Baba Mati na zo da sabon shebur a kafaɗa ina taƙama. Ya karɓe shi ya jingine a gindin kuka, ya miƙo mini rodi wanda ya fi ni tsawo, ya ce in bi shi. Lokacin damina ta ɗauke, kogi ya tsaya. Muka shiga ciki muna tafiya, duk inda ya nuna in cusa rodin har ya taɓa laka, in ciro, mu duba inda danshi ya fara kama shi. Ya ce, "Abin da ke sama da danshi namu ne. Abin da ke ƙasa ba namu ba ne." Wannan yashin mai danshi shi ke riƙe da ruwan da masu lambu da makiyaya ke samu a rijiyoyin bakin kogi har bazara. Wanda ya kwashe shi ruwan mutane ya kwashe. Wannan shi ne darasi na farko, kuma rani guda na yi a kansa kafin a bar ni in taɓa shebur ɗina.

Na biyu, kwana. Kogi in ya zo kwana, gefe ɗaya yake ci, a ɗaya gefen yake zubarwa. A inda ya zubar ake ɗiba, da faɗi ba da zurfi ba, kamar mai kankare ƙanzo a tukunya. In ka ɗiba a gefen da yake ci, ka taya shi cin gonar wani.

Na uku shi ne wanda ya fi su duka, kuma ba da baki ya koya mini ba. Wata rana bayan an ɗauke ruwan sama ya kai ni wata 'yar hanyar ruwa a bayan gari, ya sa na haƙa rami da hannu a tsakiyarta, muka tsuguna muna kallo. Ruwan na faɗawa cikin ramin yana gutsurar leɓensa na sama. Leɓen yana ruftawa, yana ja da baya, yana ruftawa, yana ja da baya, har ramin ya bar inda na haƙa shi ya zo gindin ƙafata. Baba Mati ya ce, "Ka gani? Rami a kogi tafiya yake yi. Kuma ba ruwa yake bi ba, inda ruwan ya fito yake nufa." Saboda wannan ne ya kafa fararen duwatsu a ƙasa da gadar ruwa, can wajen giginyu, ya ce daga duwatsun nan zuwa gada ba a sa shebur. Injiniyan da ya zo daga ofis a lokacin ya duba ya ce daidai ne. Kuma tunda ba wanda ke taɓa wurin, yashinsa ya fi na ko'ina kyau: mai kauri, mai tsabta, ga shi dab da hanyar mota. Kowa na wucewa yana haɗiyar yawu.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Rodi, shebur, diga don inda ya yi tauri, kwanon ɗiba, turaku na alama, da katakai da kabar giginya da ake shimfiɗa wa tifa in taya ta nutse. Amma shebur kaɗai ya isa ya nuna wanda ya koya da wanda bai koya ba. Sabon lebura da baya yake jifa, kafin azahar ya kwanta yana kiran uwarsa. Wanda ya iya, da gwiwa yake ɗagawa, ya sako yashin a dunƙule ya sauka a tsakiyar mota ba tare da ya watse a iska ba. Ana fara lodi daga gaba, wajen kan mota, a zo baya. In aka fara daga baya, nauyi ya danne tayoyin cikin yashi, sai a wuni ana tonon mota maimakon lodi. Kuma hanyar shiga kogi ɗaya ake yi, a inda na nuna. Kowace sabuwar gangara da direba ya fasa don kansa, kwazazzabo ce da damina.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Mai buga bulo yana son yashi mai kaifi, mai 'yar tsakuwa. Magini mai shafe yana son mai laushi, wanda in ka murza a tafin hannu ba ya barin ja. Ɗan kwangila duk wanda aka ba shi karɓa yake yi, muddin an yi masa tozo a kan mota. Akwai wani mai bulo a Daura da ya taɓa dawo mini da mota guda wai akwai laka a ciki. Na ɗebo na zuba a kwalbar ruwa na girgiza a gabansa, yashi ya kwanta, ruwa ya tsaya garau. Ya ce to ai gwadawa yake yi. Na ce ya gwada wani.

Sannan akwai waɗanda ba a karɓar komai a hannunsu, kuma wannan al'ada ce da na taras. Mata masu soya gyaɗa da ke zuwa da kwano, ba a hana su. Katangar maƙabarta, ba a hana ta. Masallaci, ba a hana shi, ba a ma tambaya sau biyu. In mutum ya ce yashin masallaci ne, leburori kyauta suke masa lodi, suna murna. A riƙe wannan, domin ta nan ɓarnar ta shigo.

Rabin sana'ar nan ba haƙa ba ce, mayarwa ce, kuma ita ce samari ba sa son ji. Aikin mayarwa da na fi tunawa shi ne na wata gona a gefen magudana, inda masu aikin hanya suka kwashi burji suka tafi suka bar rami ruwa na taruwa, har ya fara jiƙa gindin kankaren. Ga yadda muka yi, kuma haka ake yi ko'ina. Da farko aka kwantar da bakin ramin, don kada dabba ko yaro ya rufta. Sai aka zuba ɓaraguzan gini da duwatsu a ƙasa. Sai jar ƙasa, kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, ba a juye ta gaba ɗaya ba, don in an juye, damina ɗaya za ta lotsa. Sai baƙar ƙasar sama, wadda mai hankali tun ranar fara haƙa yake kankare ta ya tara a gefe. Su ba su tara ba, sai da muka yi ta ɗebowa daga juji. Daga nan aka kira makiyaya suka kafa shanunsu a wurin rani guda, suka bar taki. A ƙarshe aka dasa ciyawar jema a gefen da ke kallon magudana, saboda saiwarta tana riƙe ƙasa. Damina ta biyu mai gonar ya yanki gero a wurin. Wanda ya ce wannan ɗiba ce kawai, ya zo ya yi mu gani.

Yanzu na zo kan mummunar shekarar.

Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu zukata sun motsa, kuma motsi ne na alheri, ban taɓa cewa ba haka ba. Mutanen da ba sa zuwa jam'i suka fara zuwa. Garinmu ya yanke shawarar gina masallacin Juma'a, a daina tafiya maƙwabta. Aka kafa kwamiti, aka ba Alhaji Lawal, mai sayar da hatsi, shugabanci. Mutum ne mai gaskiya da zafin nama, amma kogi bai sani ba. Ni ma na ba da abin da zan iya, na kuma ware musu wuri a inda muke ɗiba a shekarar, can ƙasa da giginyu. Nan matsalar ta taso. Wurin da nisa, hanyar ba kyau, su kuma da gayya suke son yi, da amalanke da kwano a ka. Alhaji Lawal ya ce ga yashi nan jibge a ƙarƙashin gadar ruwa, kusa da fegin masallaci, me ya sa za a wahalar da bayin Allah?

Aka kira ni zauren dagaci da hantsi. Zaure ya cika har waje. Liman na nan, 'yan kwamiti na nan, samari 'yan agaji sun tsaya a bakin ƙofa. Na yi bayani kamar yadda na yi a sama, abu bayan abu. Na ce in aka haƙa rami a ƙasa da gada, ramin zai hau ya same ta.

Alhaji Lawal ya ce, "Sarkin Yashi, ba fa tifa ɗari muka ce ba. Na ɗakin Allah ne. Kai da kanka ka san ba a hana masallaci."

Na ce, "Alhaji, ban hana ba. Na ba ku wanda ya fi wannan yawa."

"Ka ba mu a inda ƙafa ba ta kaiwa."

Sai Ado ya sa baki. Ado taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsokana. Shi ke da lambu mafi kyau a tsallake. Wasu albasa suke yi su cire, shi kuwa itatuwa ya dasa, gwaiba da mangwaro da lemo, ya yi shekaru yana rainonsu har suka fara ciyar da gidansa. Ya ɗaga murya daga bayan zaure ya ce, "Ranka ya daɗe, ku yi haƙuri da shi. Sarautar ce ba doki ba zagi, to dole ya huce a kan yashi. Taubashi, kai dai rowa! Abin da Allah ya zubar kyauta ma sai ka kwanta a kai?"

Aka yi dariya. Na ce, "Ado, ruwan da gwaibarka ke sha, a kan wannan yashin yake tsaye."

Ya ce, "To wanda muke gina wa ɗaki, shi ne zai bar gwaibata ta mutu?"

Zaure ya ɗauki kabbara. Ku gaya mini, me mutum zai ce bayan wannan? Duk abin da na faɗa daga nan, ji za a yi kamar da Ubangiji nake gardama. Wani cikin samarin bakin ƙofa ya ce, yadda kowa zai ji, "Akwai waɗanda har yanzu shari'ar ba ta shiga zuciyarsu ba." Ni da ban taɓa barin sahu ba tun yana goye! Dagaci ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Liman, dattijo mai son zaman lafiya, ya ce a ɗiba kaɗan, na masallaci kawai, da hannu, kada mota ta shiga. Aka shafa fatiha. Na ce su shaida ba da yawuna ba, na fita.

Washegari na hau mota na je ofishin noman rani na faɗa. Jami'in da na samu ya miƙe tsaye da jin an ce za a haƙa a gindin gada. Da na ce aikin masallaci ne sai ya koma ya zauna, ya ce bari ya tuntuɓi na sama da shi. Ban sake ganinsa ba sai bayan da abin ya faru.

Ranar gayya gari ya fito kaf. Ba kiɗa, sai kabbara a lasifika. Ado ne ya ɗauki kwanon farko, ya wuce ta gabana yana rangaji, ya ce, "Sarki, a sa mana albarka mana." Da a sama suka kankara da da sauƙi. Amma mai buga musu bulo ya ce na ƙasa ya fi, mai danshi, ba ƙura. Suka nutsa. Aka ture fararen duwatsun Baba Mati don amalanke ta samu hanya. Kafin mako ya zagayo wani mai tifa ya ce zai taimaka fi sabilillahi, wa zai ce masa a'a? Aka fasa masa gangara.

To hanyar da tifa ɗaya ta bi, ta zama hanya. Labari ya kai tashar tifa ta Daura cewa an buɗe gindin gada. Motoci suka fara zuwa, kowane direba da kalma ɗaya a bakinsa: na masallaci ne. Kuma a shekarun nan ko'ina masallatai da Islamiyyu ake ginawa, saboda haka wasunsu gaskiya suke faɗa. Ta yaya za ka tantance? Na tsaya a kan gangarar na tare wata mota. Direban ya leƙo ya ce, "Baba, matsa mana, kana tare aikin Allah." Leburorina da kansu suka ja ni gefe, suna cewa in rufa wa kaina asiri. Na hau babur na bi motar a baya. A hanyar Kano ta juye, a inda wani ke gina shaguna. Na dawo na gaya wa Alhaji Lawal. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya sa 'yan agaji su riƙa tambaya. Sai direbobi suka koyi ambaton sunan unguwa da sunan limami, su kuma yaran ba su da hanyar bin kowace mota. Wanda aka matsa wa sai ya ce, "To ka rantse ba na masallaci ba ne." Ba mai rantsewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan: al'adar da iyayenmu suka kafa don kada a kunyata mai neman lada, ita aka mayar mabuɗin sata. Kuma masu satar ba su ji kunyar sunan da suke ambata ba. Kafin bazara ramin ya fi tsayin mutum da hannunsa a miƙe, koren ruwa kwance a ciki.

Damina ta sauka. Kogi ya kawo ruwan farko, na je da safe na duba. Leɓen ramin ya ja baya. Aka sake ruwa, ya sake ja. Na kafa turke a bakinsa, ruwa na gaba ya tafi da turken. Na bi gida-gida ina neman a fito a jera duwatsu da buhunan ƙasa a tare shi. Lokacin noma ne, kowa na gona. Waɗanda suka cika kogi ranar gayya, ba su kai a ƙirga ba ranar tarewa. Abin da muka jera mu kaɗan, ruwa ɗaya ya share.

A tsakiyar damina, wata rana bayan la'asar, aka yi ruwa mai ƙarfi a arewa, kogi ya zo cike. Ina tsaye a kan tudu tare da masu dawowa daga gona. Da ruwan ya ɗan ja sai ga gindin ginshiƙin tsakiya a waje, tsirara, kamar haƙorin da dasashi ya janye. Muna kallo ya karkata a hankali. Kwararon ya tsage a mahaɗa, ya yi ƙara, ya zauna cikin kogi. Wani a gefena ya ce, "Ikon Allah." Na ce ikon Allah ne, amma shebur ɗinmu ne.

Da damina ba mai buƙatar magudana, saboda haka mutane ba su ji zafin ba a lokacin. Sai da aka yi girbi, lokacin noman rani ya zo, aka sako ruwa daga madatsa ya zo bakin kogi ya tsaya, aka toshe magudanar a nan. Aka koma rijiyoyin bakin kogi, aka tarar su ma sun ja ƙasa, domin yashin da ke riƙe musu ruwa yana cikin bulo. Masu albasa da tumatir suka ɗaure kaya suka tafi cin rani, wasu Kano, wasu kudu. Itace kuwa ba ya tafiya cin rani. Ado ya ɗora jarkoki a amalanke yana jigilar ruwa daga bakin magudana, ya gangara kogi, ya hau, tun asuba har zafin rana. Shanun da ke jan amalanken suka rame. Ruwan jarka ba ya isar mangwaro. Lemo ya fara mutuwa, daga sama yake bushewa yana saukowa, sai gwaiba ta bi. Na wuce ta wurin wata rana na same shi yana zuba wa wata bishiya da ganyenta duk ya zube. Na yi masa sannu. Ya ce yauwa, bai ɗago ba.

Liman ne ya fara yin abin da ya kamata. Bayan sallar azahar a tsohon masallaci ya miƙe ya ce shi ne ya ce a ɗiba kaɗan, kuma da bai faɗa ba da ba a fara ba. Ya ce ba za a ƙara ɗora bulo ko ɗaya a sabon gini ba sai an rufe ramin, domin bai ga yadda zai ja mutane salla a ɗakin da aka gina da ƙishirwar maƙwabta ba. Wasu suka yi gunaguni. Alhaji Lawal ya miƙe ya ce shi zai fara kawo dutse. Ginin ya tsaya a daidai kan tagogi, ba rufi, har ciyawa ta fito a ciki.

Aikin rufewar ni na tsara shi. Da farko muka tare leɓen sama da manyan duwatsu cikin ragar waya, don ramin ya daina hawa. Sai muka cike gangarar da motoci suka fasa, muka dasa jema. Sai muka mayar da duwatsun alama, muka ƙara musu nisa. Ramin kansa ba mai iya cike shi da kwano. Kogi ne ya haƙura ya riƙa mayar da abinsa damina bayan damina, mu kuma muka hana kowa taɓawa, har masu gyaɗa. Daga lokacin kuma aka canza al'ada: wanda ya ce yashin masallaci ne, a ba shi kyauta kamar da, amma a inda na nuna, kuma lebura ɗaya ya hau motar ya ga inda aka juye. Masu gaskiya ba su taɓa jin haushin wannan ba.

Gadar kuwa sai da aka sha jira kafin gwamnati ta sake gina ta. Ranar da ruwa ya sake tsallakawa an yi murna, yara na bin sa da gudu a gefen magudana. Amma bai tarar da itatuwan Ado ba. Ya riga ya sare su ya sayar wa masu itacen girki, daga baya ya sayar da filin don ya ciyar da gida. Ruwan da ya dawo, albasar wani ya shayar.

Bayan an yi haka da 'yan watanni, wata safiya muna lodi a ƙasa da giginyu, sai ga Ado ya gangaro da shebur a hannu, na aro, ƙotar duk ta tsage. Gemunsa ya yi fari. Ya tsaya nesa kaɗan har na gama sallamar wata mota.

Ya ce, "Taubashi, an ce kana ɗaukar lebura."

Na ce, "Ina ɗauka."

Ya jira. Tsakanina da shi, a nan ne ya kamata in ce wani abu, in tambaye shi ina gwaiba, ko in ce yau ga mai lambu a fadar Sarkin Yashi. Hakkina ne, kuma shi da ya samu irin wannan damar a kaina ba zai bar ta ba.

Ya ce, "Ba za ka tsokane ni ba?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To wannan ta fi ciwo."

Na nuna masa gefen mota, wajen da ya fi ƙasa. Na ce ya lanƙwasa gwiwa, kada ya ɗaga da baya, kada kuma ya cika shebur ɗin. Ya yi bisimilla ya cika shi fal, ya jefa. Yashin bai kai bakin mota ba, ya dawo masa a ka, ya cika masa hula da gemu. Leburori suka tsaya cik, kowa ya kau da kai.

Ado ya cire hular ya kakkaɓe, ya tofar da yashin bakinsa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ku yi dariya mana, 'yan nema. Gawa kuka gani?"

Ya mayar da hular, ya lanƙwasa gwiwa, ya sake cusa shebur ɗin.